Surukina, Likitan Bisashe da Ya Shigo Ajina

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Baba, mahaifin maigidana, ya riga mu.

Ranar da aka kai shi, ƙofar gidan ta kasa ɗaukar mutane, sai da aka ƙara shimfiɗa tabarmi har ƙarƙashin gawon maƙwabta. Makiyaya sun zo daga rugage, suka jingine sandunansu a jikin katanga suka zauna gefe guda. Mahauta sun bar teburansu sun zo. Tsofaffin abokan aikinsa na ma'aikatar kiwo sun zo, wani ma sai da aka riƙo shi. Ba wanda ya yi mamakin waɗannan, domin Baba likitan bisashe ne, tsakanin shanu da raƙuman ƙasar Kurfai ya yi rayuwarsa har ya aje aiki. Amma ba wanda ya daɗe. Kowa na gama addu'a sai ya dubi rana ya miƙe, saboda hanyoyinmu yanzu ba a barin yamma ta riski mutum a kansu. Wani tsohon makiyayi ya tsaya a bakin zaure yana laluben takalminsa, ya ce wa maigidana, "Wanda ke gaya muna gaskiya ko ba mu so ya tahi. Yanzu in abu ya faɗa wa garke, wa za mu tambaya?"

Abin da ya ɗaure wa baƙi kai shi ne yawan malaman lakwal. Wata gwaggon maigidana da ta zo daga nesa ta leƙa waje ta dawo ta ce, "Wai su waɗanga malaman boko mi ya haɗa su da shi? Ko ya taɓa koyarwa ne ban sani ba?"

Inna, uwar mijina, ta nuna ni da haɓa. "Tambayi wagga. Ita ta jawo mishi."

A ranar ban iya ba da amsa ba. Ita ce nake bayarwa yanzu. Sunansa kuwa ba zai fito daga bakina ba, yadda bai taɓa fitowa ba yana da rai.

Mutum ne dogo, mai ƙarancin dariya. Kullum akwai guntun sabuni a aljihun rigarsa, naɗe cikin leda. Ba ya iya wuce dabba bai buɗe bakinta ya duba dasashi ba, ko da ragon sunan mutane ne yana ɗaure a ƙofar gida. Kuma yana da wata tambaya da duk gidan muke tsoro. In ka kawo labari, ko na kasuwa ne ko na rashin lafiyar wani, sai ya dube ka ya ce, "Ka gani, ko an gaya maka?" Jikokinsa har kwaikwayonsa suke yi a bayan ɗaki.

Ni malamar kimiyyar rayuwa ce a wani kolej a Filinge. A shekarar da nake magana, ajina rumfar zana ce, kuma ta cika ta batse, domin an rufe makarantun ƙauyukan arewa da mu bayan mutanen daji masu bindiga sun yi wa malamai kashedi. Iyalai suka kwararo cikin gari da ƴaƴansu. Waɗannan yaran ba su da surutu. In babur ya wuce a bayan zana sai ka ga kafaɗunsu sun ɗaga gaba ɗaya. Ni ma haka nake, ina dai ɓoyewa. Koyarwata kuwa ita ce yadda aka koyar da ni: in rubuta a allo, su kwafa, su haddace. Ba mu da ɗakin gwaji, ba mu da komai sai alli.

Wata rana da la'asar ina tsakar gida ina bitar darasin gobe da ƙarfi, a kan ciwon haukan kare. Ban san Baba yana rumfarsa yana ji ba.

"Ɗiyata," ya ce, "kin taɓa ganin wanda ciwon nan ya kama?"

Na ce, "A'a, Baba."

"Shi ya sa kike faɗinshi kamar kina jera sunayen garuruwa. Ki gaya wa diraktanku zan zo."

Dirakta ya yi murna. Dama a taron malamai ana yawan ce mana mu riƙa gayyato masu sanin aiki su shigo aji, ba wanda dai ya taɓa gaya mana yadda ake yi. Ni ma ban sani ba. Na ɗauka abin da ake bukata kawai shi ne in miƙa masa alli in koma gefe.

Haka na yi. Baba ya tsaya gaban yaran ya ba su labarin wani mutum da ya gani a wajen Damana lokacin yana sabon ma'aikaci. Bai rage komai ba. Ya faɗi yadda aka ɗaure mutumin a cikin bukka, yadda ƙishirwa ke cinsa amma da ya ga ƙwaryar ruwa sai ya fasa ihu, maƙogwaronsa ya shaƙe. Ya faɗi yadda hankalinsa ke dawowa yana roƙon a nisantar da ƴaƴansa daga gare shi. Ya rufe da cewa duk wanda ciwon ya bayyana a jikinsa, babu likitan da zai tsame shi. Ajin ya yi tsit. Wata yarinya ta fita da gudu ta yi amai a bayan zana. Wasu suka kifa kai a kan benci. Baba ya ɗauka shirun na natsuwa ne, ya koma gida yana jin daɗi.

Kafin mako ya zagayo, yaran ajina sun jefe karen wani mai gadi har ya mutu, kare lafiyayye. Iyaye mata suka zo lakwal suna cewa ƴaƴansu ba sa barci. Wata ta ce ɗanta mura ce ta kama shi, maƙogwaro na ciwo, ya zauna yana kuka wai mutuwa zai yi. Dirakta ya kira ni ya ce, da girmamawa ga tsohon, kada ya sake shigowa.

Na roƙi maigidana ya gaya masa. Ya ce shi kam ba zai iya ba. Dole na ɗauki furarsa na kai masa da kaina, na durƙusa a bakin ƙofa. Tunda aka kawo ni gidan ban taɓa haɗa ido da shi ba, balle in ce ya yi kuskure.

"Baba, kun tsorata yaran."

"Abin tsoro ne," ya ce.

"Sun riga sun san tsoro, Baba. Da shi suka zo daga garuruwansu. Abin da ba ku gaya musu ba shi ne abin da za su yi in kare ya cije su."

"Na faɗa."

"Kun faɗa a ƙarshe, cikin kalma biyu. Lokacin ba mai jin ku."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sannan ya ce, "Tun ba a haife ki ba nake wanga aiki. Tashi ki ba ni wuri."

Aka dawo da furar yadda na kai ta. Inna ta yi mini faɗa, ta ce wace irin tarbiyya ce suruka ta gyara wa suruki magana. Kwanaki ina gaishe shi yana amsawa da ka. Na fara tunanin ko zaman gidan zai yiwu.

Sai wata safiya ya aika a kira ni. Na same shi ya shimfiɗa tabarma ta biyu nesa kaɗan da tasa.

"Zauna," ya ce. "Ke ki koya mini yara, ni in koya miki kare."

A kan wannan tabarmar na fara fahimtar abin da na shekara ina koyarwa. Ya bayyana mini cewa ƙwayar ciwon ba ta cikin jini take gudu ba, jijiya take bi a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa, shi ya sa akwai lokaci tsakanin cizo da ciwo, shi ya sa kuma cizon fuska ya fi na ƙafa gaggawa. Ya ce ruwa da sabuni, in an daɗe ana wankewa, suna fitar da mafi yawanta tun a bakin rauni, allura kuma tana tare mata hanya muddin ba ta isa ba. Na yi ta tambaya, yana ta amsawa ba gajiya. Ni kuma na yi ta datse masa magana. In ya kawo kalmar likitoci sai in ce yaro ba zai gane ba, ya nemo wata. Yana jin haushi, amma yana nemowa. Muka yi yarjejeniya: ni zan koyar, shi zai zauna a baya ya amsa tambayoyi, kuma duk abin tsoron da aka faɗa, a take za a bi shi da abin da mutum zai yi.

Da ƙyar dirakta ya yarda. Ranar muka fito da yaran fili, da bokitai da butoci da sabuni. Na shafa wa kowa jan alli a hannu na ce nan ne cizon, suka yi ta wanke wa juna, ɗaya na zuba ruwa ɗaya na cuɗawa. Baba yana zagayawa yana cewa, "Bai isa ba. Sai hannunka ya gaji, sannan ka ƙara." Har dariya aka yi. Suka tambaye shi yadda ake gane karen da ya kamu, da dalilin da ya sa ba a kashe kowane kare, ya amsa a taƙaice yana satar kallona ko ya wuce iyaka.

Da aka tashi, yarinya ɗaya ta ƙi tafiya. Ɗiyar wani makiyayi ce cikin waɗanda suka yi gudun hijira, mai zama a bencin ƙarshe, ban taɓa jin muryarta ba sai wajen kiran suna. Ta jira kowa ya watse, sannan ta ɗaga bakin zanenta. A sharaɓarta akwai sawun haƙora, ya riga ya fara warkewa, an shafa masa baƙin magani.

"Madam, ni ma in na wanke yanzu zai yi?"

Baba ya durƙusa gabanta. "Wane kare?"

"Namu. Bai taɓa cizo ba. Ya cije ni, ya ciji Baffa a hannu da ya zo raba mu. Daga nan ya riƙa yawo yana zubar da yawu, har ya mutu."

"Yaushe?"

"Kafin zuwanku na farko."

"Mi ya hana ki faɗa ranar?"

Ta sunkuyar da kai. "Kun ce duk wanda ya kama mutuwa zai yi. Sai na ce gara kada innata ta sani."

Baba, mutumin da ke kama bijimi ta hanci, ya kama ƙafarta a hankali. Ya fito da sabuninsa ya wanke ƙafar da kansa, ko da ya san lokacin wanki ya wuce, sannan ya tambaye ta ina Baffan nata, wato ƙanin mahaifinta. Ta ce ya kora shanu arewa, can gaba da Abala, makon da ya wuce. Wurin da waya ba ta shiga, wurin da ko sojoji ba sa zuwa sai da shiri.

A asibitin da ke kusa da mu ba a sami allurar ba a lokacin, aka ce sai Yamai. Muka tafi bukkarsu a bayan gari. Mahaifinta ya saurare mu har ƙarshe, ya ce a'a. Ya ce raunin ya warke, yarinyar tana ci tana sha. Baba ya matsa masa, sai gaskiyar ta fito. Takardunsa sun ƙone tare da rugarsu. Ya ce mutum irinsa, da rawani, ba takarda, in aka sauke shi a shingen bincike ba lalle ya dawo ba. In kuma mutanen daji suka tare motar, nan ma bai san abin da za su ɗauke shi ba.

"Ni zan tahi da ita," in ji Baba. "In anka tambaya, jikata ce."

"In ba ta dawo ba fa?"

"To ni ma ban dawo ba ke nan."

Mutumin ya kira matarsa ya ce ta ɗaure wa yarinyar kayanta.

Inna ta yi kuka, ta ce tsoho mai hawan jini ina shi ina wannan hanya. Bai saurare ta ba. Kafin ya shiga mota ya bi masu sayar da bisashe ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ya san yana da hanyar arewa, ya ba shi saƙo: a nemo Baffan yarinyar, a ce masa ya bar shanu ya taho, ko raunin ya warke.

Ranar da suka tafi ban san abin da na koyar ba. Wayata tana cikin zane, ina jin nauyinta. Duk motar da ta shigo gari sai in ji ko labari ta kawo. Sai da babbar ɗiyar Baba ta kira daga Yamai ta ce sun iso, an yi allurar farko, sannan na sami natsuwa. Can suka zauna har aka gama alluran, suka dawo lafiya.

Amma tsoron bai ƙare ba, domin Baba ya gaya mini gaskiya: an makara, sai dai a jira a gani. Kowace safiya idona bencin ƙarshe yake fara zuwa. Wata rana na tarar ba kowa a wurin. Aka ce zazzaɓi take yi. Na bar ajin na ruga gida, muka tafi tare da Baba, yana tafiya yana haki. Muka same ta kwance jikinta kamar wuta. Ya ɗebo ruwa a moɗa ya miƙa mata. Ni na kasa kallo, na juya ina kallon zana, ina jiran ihun da ya taɓa ba mu labari. Sai na ji ƙarar haɗiya. Ta shanye ta ce a ƙaro. Baba ya zauna daɓas a ƙasa, cikin rigarsa fara, ya rufe fuska da tafin hannu. Zazzaɓin sauro ne, ta warke cikin kwanaki. Tana nan da ranta, ta wuce lise, babbar sakandare.

Baffanta kuwa saƙon bai same shi da wuri ba. Bayan girbi abokan kiwonsa suka dawo da shanun ba shi. Suka ce ciwon ya tashi masa a daji, sai da suka ɗaure shi a jikin itace har Allah ya karɓi abinsa. Ranar Baba bai ci abinci ba. Da na je ɗaukar kwanon sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Da na iya magana ranar farko, da ta faɗa tun mutumin yana gari." Na ce kwana ne ya ƙare. Ya ce, "Na sani. Amma ki bar ni da nawa."

Daga wannan shekarar zaurensa ya zama wurin malamai. Wanda zai koyar da tsutsar ciki ya zo, wanda zai koyar da haihuwa ya zo. Abin da bai sani ba sai ya ce bai sani ba, ya aika a kira wanda ya sani: tsohuwar ungozomar asibiti, ko mai aikin famfunan ruwa, ko abokinsa da ya yi aikin auna ruwan sama. Sharaɗinsa ɗaya ne, ba wanda zai shiga aji sai ya fara zama da malamin sun tsara abin tare. Yakan ce musu, "Kai ka san abin, shi ya san yaran. In kun shiga a rarrabe, ɓarna za ku yi." Kuma bai taɓa gyara wa malami kuskure a gaban ɗalibai ba. Wani sabon malami ya taɓa cewa sauro na ɗaukar kowace irin cuta. Baba yana bencin baya bai ce uffan ba. Sai da aka tashi ya rako shi har bakin hanya yana yi masa bayani a hankali, washegari malamin ya gyara da bakinsa. Wannan malamin ya fi kowa kuka a maƙabarta, in ji maigidana.

A ƙarshe zuciyarsa ce ta gaza. Ƙafafunsa suka kumbura, ba ya iya kwanciya sai a jingine. Ranar da na yi masa ganin ƙarshe na kai masa kunu da la'asar, yana jan numfashi da ƙyar, kowace kalma sai ya huta.

"Mi za ki koyar gobe?"

Na yi jinkiri, don ban so in faɗa ba. Na ce, "Numfashi, Baba."

Ya yi ɗan murmushi. "Kada ki zana a allo. Ki je wurin mahauta da sassafe. Ki ce ni na aiko ki. Su ba ki huhun tunkiya da maƙogwaronshi, wanda wuƙa ba ta taɓa ba." Ya huta. "Kada ki hura da baki. Ki ari famfon keke." Ya sake hutawa. "Ki fara gaya musu abin da za su gani. Wanda ba ya so, kada ki tilasta mishi."

Na ce in bari sai ya sami sauƙi mu je tare. Ya girgiza kai. "Ke za ki yi."

Da safe na leƙa ɗakinsa, yana barci a zaune, Inna na gefensa. Na tafi kwata, suka ba ni huhun a cikin roba. A aji na gaya wa yaran abin da za su gani, ba wanda ya fita. Na sa bakin famfon cikin maƙogwaron na ɗaure da zare, ban taɓa yi ba, kuma bencin da Baba yake zama babu kowa. Na danna. Naman da ke kwance a yamutse ya motsa, ya tashi, ya buɗe, ya yi fari-fari da ja kamar mai rai. Ajin gaba ɗaya ya ja numfashi. Na saki, ya kwanta. Suka ce, "Madam, a sake!" Na sake. Wata yarinya ta ɗora hannu a ƙirjinta tana jin nata.

Ina cikin dannawa na ga inuwa a bakin zana. Maigidana ne, tsaye, ba hula. Da ganin fuskarsa na san Baba ya cika. Na ajiye famfon, na ce wa yaran su wanke hannu.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya yafe masa abin da ya sani da wanda bai sani ba, Ya sanyaya makwancinsa. Ya ba Inna haƙuri. Mu da muka rage da yaran mutane a hannunmu cikin wannan zamani, Allah Ya tsare mu, Ya tsare su, Ya dawo mana da lafiyar ƙasarmu. Amin.